Ernest Solvay, Baturen da ya yi arziki da kanwar masana'anta

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a, yau za mu tafi ƙasar Beljik mu ɗauko tarihin wani Bature da ya rasu tun 1922. Da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, amma hajarsa na cikin rumfunanmu. Kwalbar da mai man gyaɗa ke awo da ita, da kofin shayi na gilashi, da garin omo da ake ƙullawa a leda, da farin garin bikarbonat da masu fanke da kek ke sawa, duka akwai hannunsa a ciki. Sunansa Ernest Solvay. Sana'arsa kuwa, in za mu faɗe ta da Hausa, sai mu ce mai haɗa kanwa ne.

Kanwar da muka sani, wadda ake kawo mana daga Manga da Kawar da bakin tafkin Cadi, wadda ake jefawa a tukunyar wake ko miyar kuɓewa, ake ba dabbobi su lasa, sinadarin da ke ba ta ƙarfi shi ne Turawa ke kira soda. Tamu daga ƙasa take fitowa, haɗe da yashi da gishiri. Tasu a masana'anta ake haɗa ta, fara fat kamar garin alkama. Kada masu haɗa sabuni su rikice: ba ita ce sodar nan mai cin hannu da suke saye ba. Waccan ƴar uwarta ce da ta fi ta zafi, kuma a zamanin Solvay daga jikin wannan ake yin ta. Ita wadda muke magana, kimanin rabin abin da duniya ke yi wajen narka gilashi yake tafiya, saura kuwa sabuni, takarda, rini da sauran magungunan masana'antu.

Kafin mu kai ga mutumin, sai mun faɗi halin da ya tarar. Turawan da, kamar kakanninmu mata da ke tace ruwan toka su yi sabuni, daga toka suke samun sodarsu. Suna ƙona ciyawar bakin teku, su jiƙa tokar, su tace. Da masaƙu da masu gilashi suka yi yawa, sai toka ta kasa. A 1791 wani likita Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ya samo hanyar fitar da soda daga gishiri: a dafa gishiri da ruwan asid irin na batir, sannan a gasa shi da gawayi da dutsen farar ƙasa. Shi dai bai ci moriyar abin ba, don gwamnatin juyin juya halin Faransa ta ƙwace masa masana'anta, ya talauce, ya kashe kansa a 1806. Amma hanyarsa ta bazu, ta fi ƙarfi a Ingila, kuma ta zo da bala'i. Hayaƙin asid da ke fita daga bututun masana'antun yana ƙona gonaki da itatuwa, yana cin ƙarfe, yana cin huhun ma'aikata. A bayan kowace masana'anta kuma ga tsibin baƙin dagwalo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda nauyinsa ya fi na sodar da aka samu. A 1855 manoman bakin kogin Sambre a Beljik suka yi bore a kan waɗannan masana'antu har sai da aka turo soja. A 1863 majalisar Ingila ta kafa doka cewa dole kowace masana'anta ta kama kashi 95 cikin 100 na wannan hayaƙi.

An haifi Ernest Solvay ranar 16 ga Afrilu 1838 a wani ƙauye mai suna Rebecq, kudu da birnin Buruksel. Mahaifinsa, Alexandre, yana da wurin fasa dutse, yana kuma tace gishiri yana sayarwa, wato yaron a cikin gishiri ya buɗe ido. Ba gidan talauci ba ne, ba kuma gidan manyan attajirai ba. Yana lakwal ta kwana, yana da kimanin shekara 16, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, karatu ya tsaya, zancen jami'a ya mutu. Mutumin da daga baya manyan masanan duniya za su amsa gayyatarsa, bai taɓa riƙe takardar jami'a da ya zauna ya yi wa jarrabawa ba. Da ya ji sauƙi, aka tura shi da ƙanensa Alfred birnin Anvers mai tashar jiragen ruwa, su koyi lissafin kasuwanci da riƙe littafin shiga da fita. A ganinmu wannan karatu na Anvers ya yi masa amfanin da jami'a ba lalle ta yi masa ba, za ku ga dalili.

Yana da shekara 21 kawunsa Florimond Semet ya ɗauke shi aiki a masana'antar gas da yake shugabanta a Saint-Josse, cikin Buruksel. A lokacin babu lantarki, da gas ake kunna fitilun titi, shi kuma gas ɗin daga gawayin ƙasa ake fitar da shi, irin wanda ake haƙowa a Anu-Araren. In an gasa gawayin, wani ruwa mai wari yana saura, ruwan amoniya. Wanda ya taɓa shiga garken awaki da aka daɗe ba a share ba ya san warin, mai hawa kai ya sa hawaye. Wannan ruwa ya dami masu masana'anta, aka ɗora wa saurayin neman yadda za a yi da shi. Cikin gwaje-gwajensa ya haɗa amoniyar da ruwan gishiri, ya sa iskar karbon, irin wadda ke sa lemun kwalba kumfa, sai ya ga farin gari yana kwantawa a ƙasa. Bikarbonat ne. In an gasa shi, ya zama soda. Babu ruwan batir, babu wuta mai tsanani, babu hayaƙin asid.

Ranar 15 ga Afrilu 1861, ana gobe zai cika shekara 23, ya karɓi takardar shaidar mallakar wannan fasaha, yana ganin shi ne farkon wanda ya gano ta. Ashe ba haka ba ne. Da aka je neman masu zuba jari, aka bincika takardu, sai ga shi wani masani Bafaranshe, Augustin Fresnel, ya san wannan haɗi tun 1811. Wasu Turawan Ingila biyu, Dyar da Hemming, sun yi rajistarsa a 1838, shekarar da aka haifi Solvay. Wasu injiniyoyi biyu, Schloesing da Rolland, sun kafa masana'anta a kusa da Paris, sun rufe ta a 1858. Manyan masu kuɗi da masu ilmi sun gwada, kowa ya ƙona hannu ya janye. Takardar tasa ta zama ba ta da wani ƙarfi.

Abin da ya kayar da su duka abu ɗaya ne. Gishiri da farar ƙasa araha gare su, amma amoniya na da tsada, ga ta kuma da gudu, ko ƙaramar kafa ta samu sai ta bi iska. Kamar mai tuyar ƙosai ce da kaskonta ke yoyo: wake na nan, masu saye na nan, amma ribar tana bin man da ke ɗiga cikin murhu. Solvay ya gane cewa sirrin ba a haɗin yake ba, a hana asara yake. Sai ya koma kan tukwane da bututu. Wani lauya ɗan siyasa, Eudore Pirmez, wanda ya san cewa fasahar ba sabuwa ba ce, duk da haka ya yarda da yaran, shi da danginsa da abokansa suka sa kuɗi. Ranar 26 ga Disamba 1863 aka kafa kamfanin Solvay et Compagnie da jarin faran 136,000 na Beljik. Ernest na da shekara 25, Alfred na da 23. A wannan shekarar ce kuma Ernest ya auri Adèle Winderickx, wadda ta haifa masa ƴaƴa huɗu.

Suka gina masana'anta a Couillet, kusa da Charleroi, inda akwai gawayi da dutse da kogi da hanyar jirgin ƙasa. Ta fara aiki a farkon 1865, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da suka leƙa ramin karyewa. Injuna na lalacewa, bututu na toshewa, amoniya na tserewa, abin da ake samu a yini bai kai ya biya ma'aikata ba, jari ya ƙare, bashi ya hau. Iyayensu da ƴan uwansu ne suka sake tattaro abin da suke da shi suka ba su, alhali babu wata alama da ke nuna kuɗin za su dawo. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa komawa gida ya roƙi jari karo na biyu bayan na farko ya nutse, ya san nauyin da ke kan waɗannan samari.

Abin da ya cece su wata hasumiya ce ta ƙarfe da Ernest ya tsara, mai tsawon kimanin mita 24. Ana zuba ruwan gishiri mai amoniya daga sama yana gangarowa, ana hura iskar karbon daga ƙasa tana hawa, a tsakani an jera faranta masu huji da ke tilasta musu cuɗanya. Ita iskar karbon daga dutsen farar ƙasa ake samunta in an gasa shi, irin dutsen da ake gasawa a Malbaza a yi siminti. Ƙonanniyar farar ƙasar da ta rage ba a zubar da ita, da ita ake dafa ruwan da ya saura, ta saki amoniyar da ke ciki, a kama ta a mayar sama ta sake zagayowa. In an gasa bikarbonat ya zama soda, iskar da ya saki ita ma a mayar da ita hasumiya. Amoniya ɗaya sai ta yi ta aiki tana dawowa, ɗan abin da ya ɓace kaɗai ake cikawa. Kuma aikin ba ya tsayawa, dare da rana, ba kamar na Leblanc ba da ake yi tukunya bayan tukunya. Kafin 1870 masana'antar Couillet ta tsaya da ƙafafunta.

Nan ne rabon aiki tsakanin wa da ƙane ya yi amfani. Ernest na wajen injuna, Alfred na wajen ciniki da littafi. Sai da ya sha yawo kafin masu gilashi da masu sabuni, waɗanda suka saba da hajar Leblanc, su yarda su gwada sabuwa, ko da ta fi tsabta ta fi araha. Mun san halin mai saye, abin da hannunsa ya saba da shi ya fi masa wanda aka yaba masa.

Yadda suka yaɗu a duniya shi ma darasi ne na kasuwanci. Soda kaya ce mai nauyi mai arahar kuɗi, in ka ɗauke ta nesa kuɗin mota da kwastan sun cinye ribar. Saboda haka maimakon su riƙa aika haja, sai suka riƙa kai masana'anta inda gishiri yake. A 1872 wani masani Bajamushe mazaunin Ingila, Ludwig Mond, ya zo ya ga Couillet, ya karɓi izni a kan zai riƙa biyan sule 8 a kowane tan, shi da abokinsa John Brunner suka kafa tasu a Winnington. Solvay da kansu suka gina ta Dombasle a gabashin Faransa a farkon shekarun 1870, wadda har yau tana aiki. Daga nan sai Jamus, inda suka buɗe Wyhlen a 1880 da Bernburg a 1883, sai Berezniki a Rasha tare da wani attajiri mai suna Lubimoff, sai Amurka, kusa da birnin Syracuse, inda aka kafa kamfani a 1881 har garin da ya tsiro a gefensa aka sa masa suna Solvay. Daga baya Ispaniya da Italiya suka biyo. A mafi yawan wuraren ba kuɗin izni kawai suke karɓa ba, hannun jari suke riƙewa a kamfanin, kuma sharaɗi ne kowace masana'anta ta riƙa aiko da lissafinta: gawayi nawa ta ƙona, amoniya nawa ta ɓatar a kowane tan. Ana jera su a takarda ɗaya, wanda ya fi ɓarna ya ga kansa, wanda ya samo dabara kuma dole ya ba saura. Wajajen 1900, kimanin kashi 90 cikin 100 na sodar duniya ta hanyar Solvay ake yin ta, kuma farashinta ya faɗi ƙasa da rabin yadda yake lokacin da suka fara. Sabuni da kwalba suka sauko hannun talaka.

Sai dai kada mu wanke su tas. Waɗannan kamfanoni ƴan gida ɗaya sun raba kasuwannin duniya a tsakaninsu, wannan ba ya shiga yankin wancan, abin da kowane ɗan kasuwa ya san yana hana farashi sauka inda ya kamata. Al'adar ta daɗe, don a 1990 hukumar kasuwar Turai ta ci tarar Solvay da ICI, magajin Brunner da Mond, a kan raba kasuwar soda, ko da yake daga baya kotu ta soke tarar saboda kurakuran da aka yi wajen bin ƙa'idar shari'a.

Haka kuma zancen tsabta. Gaskiya ne hanyar Solvay ta kashe hayaƙin asid da baƙin dagwalon Leblanc, kuma manoman da ke kusa sun huta. Amma mu a fahimtarmu ba tausayin manoma ne ya kawo haka ba, littafin lissafi ne. Abin da ke da farashi, kamar amoniya, an bi shi har ɗigo na ƙarshe. Abin da ba mai saye kuwa, an nemi inda za a zubar. Don akwai saura guda da hasumiyar ba ta iya mayarwa: wani farin ruwa mai ɗauke da gishiri mai ɗaci da ake kira kalsiyom kulorid, da ragowar gishirin da bai haɗu ba, da garin dutse. Kowane tan ɗaya na soda yana barin kimanin lita 10,000 na wannan ruwa, wato tano 50. Shi ya sa kusan duk masana'antar Solvay a bakin kogi ko tafki ko teku take. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Alfred ya rasu a 1894, rashin da ya girgiza wan nasa ƙwarai. A lokacin Ernest ya riga ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Turai, ya bar wa wasu tafiyar da aikin yau da kullum, ya juya ga abubuwan da ke cin ransa. Ya zama sanata na jam'iyyar masu sassaucin ra'ayi daga 1892 zuwa 1894, ya sake komawa daga 1897 zuwa 1900. Ya kuma kama hawan duwatsun Alpes bayan ya haura shekara 50, bai bari ba har tsufa, kuma ɗakin fakewar da ya biya aka gina a jikin dutsen Cervin, a tsayin mita 4003, har yau da sunansa ake kiransa.

A masana'antunsa an fara ba ma'aikata kuɗin fansho da kulawar likita da gidajen kwana, an kuma mayar da aiki awa 8 a yini, tun kafin yaƙin duniya na farko, alhali dokar awa 8 ba ta zo Beljik ba sai 1921. Hutu da albashi ya ba da shi a 1913, ƙasar ba ta mayar da shi doka ba sai 1936. Wannan abin yabo ne, amma shi ma akwai lissafi a ciki. Masana'antar da ba ta tsayawa tana bukatar ƙwararrun da ba sa gudu, kuma ma'aikacin da ya yi awa 12 a gaban tukunya yana gyangyaɗi, kuskurensa ɗaya ya fi albashinsa tsada. Wanda kuma gidansa da likitansa da lakwal ɗin ƴaƴansa duka na kamfani ne, ba ya saurin ɗaga murya.

Yana da ra'ayoyi da suka ba attajirai ƴan uwansa mamaki. Yana ganin bai kamata ɗa ya tashi da dukiyar da bai yi wa gumi ba, don haka ya nemi a ɗora haraji mai nauyi a kan gado. Ya kuma yi ta rubutu a kan a daina amfani da tsabar kuɗi, kowa ya sami lissafinsa a wata hukuma, in an yi ciniki a rage daga na mai saye a ƙara a na mai sayarwa. Mutanen zamaninsa sun ɗauke shi mai mafarki. Yau da ɗan kasuwa a Maraɗi ke biyan kaya a Yamai ko Kwatano ba tare da takardar kuɗi ta bar aljihunsa ba, sai mu ga mafarkin bai yi nisa da gaskiya ba. Zancen gado kuwa, jikokinsa da na abokan jarinsa, mutum sama da 2000, har yau su ke riƙe da kimanin kashi 30 cikin 100 na kamfanin.

Ƙishin karatun da ciwo ya yanke masa bai taɓa barinsa ba. Ya gina wa jami'ar Buruksel cibiyar nazarin jikin ɗan Adam, da ta nazarin zaman jama'a a 1902, da makarantar koyon kasuwanci a 1903, wadda har yau take ɗauke da sunansa. A ƙarshen Oktoba 1911, bisa shawarar masani Walther Nernst, ya gayyaci manyan masana kimiyyar lokacin zuwa otel Métropole a Buruksel, ya biya musu komai, su zauna kwanaki su tattauna matsalolin da suka gagare su. Hendrik Lorentz ya shugabanci zaman, akwai Max Planck, akwai Ernest Rutherford, akwai Marie Curie, mace ɗaya tilo a cikinsu, akwai Albert Einstein yana ɗan shekara 32. Tsohon yana da nasa ra'ayin a kan yadda duniya ke riƙe da kanta, ya rubuta ya raba musu, suka karɓa cikin ladabi suka ci gaba da abin da ya kawo su. Bai yi fushi ba, ya ma kafa asusu don taron ya ɗore. A zama na biyar, a 1927, bayan rasuwarsa, cikin mutum 29 da suka halarta 17 sun riga sun sami kyautar Nobel ko sun same ta daga baya. Ana yin wannan taro har yanzu.

Aikin da ƴan ƙasarsa suka fi tuna shi da shi na yunwa ne. A Agusta 1914 sojan Jamus suka mamaye Beljik, jiragen ruwan Ingila kuma suka toshe teku. Ƙasa ce mai yawan jama'a da ke sayo mafi yawan hatsinta daga waje, to ga iyaka a rufe, kuma mu nan ba sai an yi mana bayanin abin da rufe iyaka ke yi wa farashin buhu ba. Solvay, yana da shekara 76, ya zuba faran miliyan 1 daga aljihunsa, ya shugabanci kwamitin agaji da abinci na ƙasa, wani ma'aikacin banki Émile Francqui yana tafiyar da aikin. Suka haɗa kai da hukumar da Ba'amurke Herbert Hoover ya kafa, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka. Su Hoover na sayo alkama su shigo da ita ta Holand, kwamitin Solvay na rabawa gari gari, ana sayar wa mai hali, ana ba marar hali kyauta. Kimanin mutum miliyan 9 a Beljik da arewacin Faransa suka rayu a kan wannan tsari har yaƙi ya ƙare. A Nuwamba 1918 sarki Albert na Ɗaya ya ba shi muƙamin girmamawa na ministan ƙasa. Yaƙin ya ci masa dukiya, don masana'antunsa sun faɗo a ɓangarori biyu masu gaba da juna, na Rasha kuma ƴan juyin juya hali suka ƙwace. Ya rasu ranar 26 ga Mayu 1922 a Ixelles, cikin Buruksel, yana da shekara 84.

Kamfanin ya rayu bayansa, ya sake rasa masana'antunsa na gabashin Turai bayan yaƙi na biyu, ya shiga roba da magunguna, ya fara sayar da hannun jari ga kowa a 1967. Couillet, inda aka fara, an rufe ta a 1993. A Disamba 2023 aka raba shi biyu: sababbin sana'o'i suka koma wani kamfani mai suna Syensqo, tsohon suna kuma ya zauna da soda da bikarbonat da ƴan uwansu. A 2024 wannan rabin kaɗai yana da ma'aikata kimanin 9000, kuma cinikinsa na shekarar ya kusa Euro miliyar 4.7, wato sama da miliyar 3000 na CFA, kwatankwacin kasafin kuɗin ƙasarmu na shekara guda.

Wani abin mamaki shi ne kanwar ƙasa ta dawo ta yi wa ta masana'anta kishiya. A jihar Wyoming ta Amurka akwai shimfiɗar kanwa a ƙarƙashin ƙasa da ta fi kowace girma a duniya, haƙo ta da tace ta sun fi haɗawa araha, sun kuma fi ƙarancin hayaƙi. A 1986 masana'antar Syracuse ta rufe, ita ce ta ƙarshe mai bin hanyar Solvay a Amurka. A 1992 kamfanin Solvay da kansa ya sayi mahaƙar kanwa a can Green River. A Afirka ma ana tace kanwar tafkin Magadi a Kenya da ta Sua a Botswana ana fitarwa waje, Turkiyya kuma ta zama babbar mai haƙo ta. Tamu ta Manga da Kawar dai tana nan a buhu da faifai.

Yanzu kamfanin, kamar sauran irinsa, yana yawan maganar kare muhalli, don kowane tan na soda da aka haɗa yana sakin kimanin tan ɗaya na iskar karbon mai ɗumama duniya. Ya yi alkawarin rage wannan iska da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, a kan abin da ya fitar a 2021, ya kuma kai matsayin da ba ya ƙara wa sama komai kafin 2050. A 2024 ya daina ƙona gawayin ƙasa don samun wuta a Green River, inda ya koma gas, da Rheinberg ta Jamus, inda ya koma ƙona tsofaffin katakai. A nan ma lissafi na aiki, don tun 2005 Turai ta sa wa hayaƙin masana'antu farashi.

Saura farin ruwan nan. A Syracuse, inda masana'antar ta koma hannun wani kamfanin Amurka tun 1920, an yi shekara kusan 100 ana zuba shi a tafkin Onondaga da gefensa, tare da dattin gari da na wasu masana'antu, har aka hana wanka a 1940, aka hana kamun kifi a 1970. A Italiya, a garin Rosignano Solvay, masana'antar ta fi shekara 100 tana zuba nata a teku, har rairayin bakin ruwa ya yi fari tas na tsawon kilomita da dama, masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto. Kamfanin na cewa garin dutse ne kawai marar cutarwa, kuma da iznin gwamnati yake zubawa. Masu kare muhalli na nuna ƙarafa masu guba da suka taru a ƙasan ruwan tun shekarun baya. A 2020 wani ƙaramin kamfanin masu zuba jari na London, Bluebell, ya sayi hannun jari ɗaya tak na Solvay, don ya sami bakin magana a taron masu jari, ya yi ta matsa lamba shekara biyu. A Satumba 2022 Solvay ya yarda zai rage garin dutsen da yake zubawa a Rosignano da kashi 20 cikin 100 kafin 2030, da kashi 40 kafin 2040, ya kuma ce yana gwada wata sabuwar hanyar haɗa soda a Dombasle da zai daina zubarwa gaba ɗaya kafin 2050. In hakan ta tabbata, an yi shekara 187 ke nan daga ranar da Ernest da Alfred suka sa hannu a takardar kafa kamfani. Kafin nan, magudanar da mutanen garin ke kira Fosso Bianco, wato farin kwalbati, tana ci gaba da kai ruwan teku.